Waƙar da Rakiyya Ta Ba Dutse Ajiya

Duk waƙar da Nata'ala Mai Garaya ya yi suna da ita a ƙasar Gumel, a kan dutsen niƙan matarsa aka haife ta. Rakiyya za ta durƙusa da hantsi tana niƙa tana rera abin da ya zo bakinta, shi kuwa gogan naka yana gindin kurna wai yana gyaran tsirkiya, alhali kunnensa yana wajen dutse. Kafin mako ya zagayo sai ka ji waƙar a gidan biki, an ɗora mata garaya, 'yan amshi suna karɓa. Wannan bai taɓa damun Rakiyya ba. Matar aure ba ta waƙa a bainar jama'a, kuma abin da garayar ta samo a tukunyarta yake ƙarewa. In ya dawo yana taƙama an yi masa kyautar riga a Maigatari saboda waƙa kaza, sai ta yi murmushi ta ce, "To, ka gode wa dutse."

Waƙa ɗaya ce tak ta ce ba ta fita daga gidan.

A dangin Rakiyya, kamar a gidaje da yawa, uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi, kuma da wannan kunyar ake auna tarbiyyar mace. 'Yarta ta fari, Safara'u, shekara uku ta yi a duniya, Rakiyya ba ta taɓa kiranta da sunanta ba, sai dai "ke" ko "'yar Inna". Ranar da ƙyanda ta ɗauke yarinyar, Rakiyya ta zauna a cikin masu gaisuwa idonta a bushe, har surukarta, Inna Hasanatu, tana nuna ta tana cewa ga 'yar gidan mutunci. Sai bayan arba'in, wata rana da gida ba kowa, tana cikin niƙa sunan ya kuɓuce mata.

Safara'u, yau na kira ki,
Da kina nan bakina ya ƙi.
Na goya ki rani da damina,
Zanen goyo bai san kunya ba.
Dutse ka ji, ka riƙe mini,
Gero ka ji, ka zama gari.

Nata'ala ya taɓa tarar da ita tana yi. Ya tsaya a bakin zaure har ta kai ƙarshe, ya share hawaye da hannun riga, ya rantse mata da Allah cewa wannan waƙar ba za ta taka ƙofar gida ba. Allah bai sake ba su haihuwa ba, saboda haka waƙar ce kaɗai wurin da Rakiyya take zama uwa.

A bazarar 1956 makaɗan ƙasar suka gaji da ma'aikatan wani gidan rediyo da ke can birni. Mutanen sukan zo da mota da na'urar ɗaukar murya, su kutsa gidan biki, su miƙa sandar magana gaban mai waƙa, su ba shi goro su tafi. Bayan 'yan makonni sai ka ji muryarka tana fitowa daga akwatin rediyon da Ilu mai kanti ya ɗora a kan benci, ana cewa, "Ga wata waƙar gargajiya daga ƙasar Gumel." Ba suna, ba lada, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Kantin Ilu kuwa bayan katangar su Rakiyya yake, duk abin da akwatin ya faɗa da la'asar a tsakar gidanta yake sauka.

Mutum goma sha bakwai suka taru a zauren Nata'ala, daga Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar da cikin gari, suka kafa ƙungiya. Suka naɗa Nata'ala mai magana da yawunsu, don shi ne mai baki. Kowa ya kwance tsirkiyar garayarsa ko ta kalangunsa, aka zuba a ƙwarya ɗaya, aka rufe da faifai aka ɗaure, aka damƙa wa Baba Dogo, tsohon makaɗin Maigatari, aka shafa Fatiha. Ba wanda zai sake kiɗa, ko a biki ko a suna, sai gidan rediyo ya sa hannu a takarda. Takensu kuwa shi ne, ba suna ba waƙa.

Da Nata'ala ya shigo cikin gida shan ruwa, Rakiyya ta tambaye shi me ke cikin takardar.

Ya ce, "A faɗi sunan mai waƙa duk sanda aka sa ta, a biya shi. Kuma kada a sa waƙar kowa sai da yardar mai ita."

"Sai da yardar mai ita," ta maimaita.

"Shi ne ma babban sharaɗin. Waƙa jinin mutum ce, Rakiyya. Wanda ya ɗauke ta bai tambaya ba, ɓarawo ne ko da ya zo da mota."

Maganar ta yi mata daɗi har cikin ranta. Ta ji tana alfahari da mijinta, shi ya sa da ya ce baƙin za su zauna kwana uku kacal kafin wakilin rediyo ya iso, ta ce ko kwana goma ne ta ɗauka.

Kwana uku suka zama mako uku. Wakilin, wani Malam Ubale mai farin takalmi da agogo, ya zo ya saurare su yana gyaɗa kai, ya ce zai kai wa manya, ya tafi. Ya dawo da rabin amsa, ya sake tafiya. 'Yan ƙungiya suka ce ba wanda zai koma garinsu, don in aka watse za a bi su ɗaya bayan ɗaya a saye su. Tsintsiya maɗaurinki ɗaya, in ji su. Gaskiya ne, sai dai ba wanda ya tambayi wa ke ciyar da tsintsiyar.

Rakiyya ce. Daga sallar asuba take fara surfe, ta wanke, ta shanya, ta durƙusa a dutse. Kafin ta gama garin tuwon rana na dare yana jiranta, ga fura ta hantsi da ba a fasawa. Ana cikin zafin bazara, ruwan rijiya ya yi nisa, itace ya yi tsada. Tafin hannunta ya yi bororo, bororon ya fashe, ta yaga tsohon zane ta naɗe ta ci gaba. Bayanta ya riƙe, sai ta dafa bango take miƙewa. Daga zaure kuwa tana jin muryar mijinta yana ta zuba jawabi a kan masu cin gumin talaka, ana ta cewa haka ne. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

A mako na huɗu ta gaya masa rumbu ya kusa ƙasa, saura damman iri.

Ya ce, "A sussuke su."

"Na iri fa na ce, Maigida. Ga hadari ya fara leƙowa."

"In takarda ta fito, irin gero zai gagare mu? So kike a ce a gidan Nata'ala ƙungiya ta mutu saboda tuwo?"

Ta kai kuka wajen Inna Hasanatu, ko za ta tsawata wa ɗanta. Tsohuwar tana kaɗi a inuwar ɗakinta, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Baƙo raɓa ne. Mu da muka ciyar da 'yan gayya talatin da goyo a baya ba mu mutu ba. Ke da ba ki da ɗa ba ki da jika, me zai hana ki aiki?" Rakiyya ta haɗiye wannan ma, ta je ta sauko da damman.

A mako na biyar Malam Ubale ya sake zuwa, Nata'ala ya ce dole a karrama shi, don ciniki da ƙoshi ake yi. Aka yanka akuyar Rakiyya, wadda uwarta ta ba ta ranar da aka kawo ta gidan. Ita ta dafa, ita ta zuba, ƙafa ɗaya da romo suka rage mata ita da Inna. Malam Ubale ya aiko a ce wa uwargida hannunta da albarka.

Ranar wata Alhamis aka yi rasuwa a unguwar gabas, maza suka tafi jana'iza, Inna ta tafi gaisuwa. Rakiyya ta ji zaure tsit, karo na farko cikin kwana arba'in. Ta durƙusa a dutse, tsumman hannunta ya jiƙe da jini, gajiya ta taru ta yi mata yawa. Ba ta yi niyya ba, waƙar ce ta zo da kanta. Ta kira 'yarta sau uku, ta ba dutse amana kamar yadda ta saba, ta yi kukanta ta ƙoshi. Tana share fuska sai ta ji tari a zaure, sannan ta ji wata murya ƙasa-ƙasa da ba ta 'yan gida ba.

Bayan la'asar Nata'ala ya shigo ɗakinta da fara'a, har da ƙullin goro. Ya zauna a bakin gado, abin da bai yi ba tun zuwan baƙi. Ya ce zazzaɓi ne ya hana Baba Dogo zuwa jana'iza, Malam Ubale kuma ya iso da wuri ya zauna jira tare da shi, sai suka ji abin da suka ji.

"Manyan Malam Ubale cewa suke duk waƙoƙinmu suna cikin faifansu tuntuni, me za su saya? Amma ya ce in ya kai musu wannan, ko gardama ba za a yi ba. Ya ce tsigar jikinsa ta tashi."

Rakiyya ta ce, "A'a."

"Ki bari in ƙarasa."

"Ka ƙarasa, Maigida, amma a'a ce."

"Mutum goma sha bakwai ne fa, kowa da iyali. Na Gagarawa matarsa ta aiko sau biyu ba su da abin ɗorawa. Waƙa ɗaya za ta fid da kowa."

Ta kwance tsumman hannunta ta nuna masa. "Na ba su wannan. Na ba su geron iri, na ba su akuyata, ban ce uffan ba. Duk waƙar da ke bakina ka ɗauka, in zauna in yi maka goma sabbi kafin Juma'a mai zuwa. Wannan ɗayar ba ta sayarwa ba ce. A ciki nake ganin yarinyar nan. Kuma ka san abin da za a ce da ni in aka ji."

Ya kalli hannun. Can ya ce, "Shi ke nan, na bari."

"Ka tuna ka rantse."

"Na ce na bari. Wallahi na bari."

Ta yarda da shi. Mutumin da ya yi kwana arba'in yana cewa sai da yardar mai ita, ta yaya za ta ƙi yarda da shi?

Kwana huɗu bayan haka aka sa hannu. Rakiyya tana jin guɗar maza daga zaure, in maza suna guɗa, aka kwance ƙwarya kowa ya ɗauki tsirkiyarsa. Suka ɗunguma zuwa gidan saukar baƙi da ke bayan gari, inda Malam Ubale ya kafa na'urarsa, suka wuni suna kiɗa. Washegari suka watse, kowa ya tsaya a bakin zaure ya ɗaga murya ya ce, "Uwargida, mun gode, Allah ya saka." Ta amsa musu da zuciya ɗaya. Ta yi barcin rana a karo na farko, ta tashi tana jin ita ma da ita aka ci wannan nasarar.

Mako uku aka yi. Ruwa ya sauka, Nata'ala ya sayo iri a kasuwa ya shuka a makare. Wata la'asar Rakiyya tana tankaɗe, Inna Hasanatu tana kaɗi, maƙwabciyarsu Kande ta shigo aron rariya ta tsaya hira, sai akwatin Ilu ya yi ƙara ya buɗe baki.

"Jama'a, ga sabuwar waƙa daga bakin mai ita, Nata'ala Mai Garaya na Gumel."

Inna ta ajiye mazari tana murmushi, ta ce, "Kun ji, an faɗi suna."

Garaya ta shigo da sauri, kalangu ya biyo ta, kiɗa irin na rawa. Sannan muryar Nata'ala ta tashi, Safara'u yau na kira ki, 'yan amshi goma sha shida suka karɓa. A bakin kanti samari suka fara tafi. Rariyar ta suɓuce daga hannun Rakiyya, gari ya watse a ƙasa. Ta ji kamar an yaye mata zane a tsakiyar kasuwa.

Da aka zo wajen na goya ki rani da damina, murmushin Inna ya ɗauke. Ta juyo a hankali ta dubi surukarta.

"Namiji ba ya goyo," in ji ta. "Ashe duk haƙurin nan da nake yabo na ganin ido ne. Kina nan kina kiran sunan 'yar fari kamar wadda ba ta da iyaye, har ki koya wa ɗana ya kai duniya."

Kande ta ɗauki rariyarta ta aro, ta ce bari ta je ta bar tukunya a wuta. Kafin magariba labari ya gama unguwa.

Nata'ala bai shigo ba sai da aka idar da sallar magariba. Rakiyya ta kai masa tuwo, ta durƙusa ta ajiye, ba ta tashi ba.

Ta ce, "Ka rantse sau biyu."

"Na yi kaffara, na ciyar da miskinai goma. Sai da na tambayi malami."

"Da geron wa?"

Ya kau da kai. Ya ce, "Ke kin ɗauka daɗi na ji? Ina rerawa ina kuka. 'Yata ce ni ma. Kuma ki duba, asirinki na rufa, sunana aka faɗa ba naki ba. Da na ce taki ce, ina za ki sa kanki a garin nan?"

"Takardarku ta ce sai da yardar mai ita. Ka tambaye ni, na ce a'a."

"Takarda ta 'yan ƙungiya ce, Rakiyya. Ke kin sa tsirkiya a ƙwarya?"

Ta dube shi. Ta ce, "Tsirkiya ban sa ba. Gero na sa."

"To ai ga shi za a mayar miki. Akuya biyu zan saya miki in Allah ya kai mu kasuwar Maigatari." Ya jawo akushi ya wanke hannu. A ganinsa magana ta ƙare.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne ba ta da inda za ta kai ƙara. In ta fito ta ce waƙarta ce, ta tabbatar da bakinta cewa ita marar kunya ce. In ta yi shiru, waƙa ta zama tasa har abada. Ta kowace hanya shi ne da riba, kuma ya san haka tun kafin ya buɗe baki gaban na'ura.

Saura mutum ɗaya da take sa rai da shi. Da Baba Dogo ya shigo gari ranar kasuwa ya biyo ta zauren, Nata'ala ba ya nan, ta yafa mayafi ta tsaya a bayan ƙofa ta gaishe shi. Bayan gaisuwa ta ce, "Baba, kai ka ji da kunnenka. Ka san bakin da waƙar nan ta fito."

Tsohon ya yi gyaran murya. "Na sani, 'yata."

"Kai aka ba ƙwarya. Kai ne uban ƙungiya."

"Ni ne." Tana jin yana jujjuya sandarsa a ƙasa. "Sabuwar doka ta ce kafin a ɗauki waƙa sai 'yan ƙungiya sun shaida ta mai ita ce. Malam Ubale ya kawo tawada. Dukkanmu muka dangwala."

"Dukkanku kun sani?"

"Na gaya musu a hanya. Na ce a yi tunani. Sai na Sule Tankarkar ya ce, in aka ce ta mace ce, kuma ba ta yarda ba, takarda ta rushe tun ranar farko, mun koma gidan jiya. Aka ce a rufa wa juna asiri, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuma aka ce ai abin miji da na mata duk ɗaya ne. Ki yi haƙuri, don jama'a aka yi."

"Baba, tuwon da kuka ci kwana arba'in da biyar, ba jama'a ce ta tuƙa shi ba?"

Ta ji ya miƙe, ya ajiye wani abu a bakin ƙofa, ya ja takalmansa ya fita. Da ta leƙa, goro ne guda biyar a ganye, irin ladan da suka yi yajin aiki don sun raina.

Waƙar ta karɓu fiye da duk abin da Nata'ala ya taɓa yi. 'Yan mata masu tallan fura suna yin ta a lungu, ana rawarta a gidan biki, direbobin manyan motoci suna fito da ita da ƙaho. Matan unguwa in sun shigo sai su yi ta gaisuwa suna kallon dutsen niƙa ta gefen ido. Uwar Rakiyya ta aiko daga ƙauye cewa ta ji abin da ta ji, kada ta zo mata gida sai ƙura ta lafa. Inna Hasanatu ta daina cin tuwonta har mako guda, sannan yunwa ta sasanta su.

Duk wannan Rakiyya za ta iya ɗauka. Abin da ya karya ta ya zo ne wata safiya da gida ya zama ba kowa. Ta rufe ƙofa, ta durƙusa a dutse, ta ce bari ta kira 'yarta ta ji sanyi. Ta buɗe baki, sai ta ji kalangu a cikin kanta. Ta tsaya, ta sake farawa a hankali, yadda take yi da, sai ga 'yan amshi goma sha shida sun karɓa, ga tafin samarin kantin Ilu. Da, in ta kai baiti na uku takan ga yarinyar zaune a kan tabarma tana wasa da ludayi. Ranar ba ta ga kowa ba sai maza suna rawa. Ta gwada washegari, ta gwada jibi, abu ɗaya ne. A lokacin ne ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza.

Sabuwar takarda ta ɗora wa kowane ɗan ƙungiya sabuwar waƙa duk wata. Nata'ala ya koma gindin kurna da garayarsa, yana gyaran tsirkiyar da ba abin da ya same ta. Rakiyya tana niƙa, dutse yana ƙara, ba abin da ke tashi sai gari. Ya zauna kwana ɗaya, ya zauna biyar, ya zauna goma. Motar Malam Ubale saura mako ɗaya ta zo.

Rannan ya taso ya tsuguna kusa da ita, ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

"To, na gane. Ke ma kin zuba tsirkiyarki a ƙwarya. Ai ni ne sarkin ciniki, faɗi sharaɗinki. Akuya na kawo. Zane kike so? Ko sunan ne? In suna ne, sai in sa a ce waƙar gidan Nata'ala, kowa ya fahimta."

Ta dakata da niƙan, ta karkaɗe hannu.

"Ba ciniki nake ba, Maigida. Da yaji nake yi da ka ji daɗi, don mai yaji ana biyansa ya dawo. Nema nake ban samu ba. Wuri ɗaya gare ni a duniya da nake kiran yarinyar nan ta zo, ka kai maza goma sha shida suka tattake shi. In za ka iya mayar mini da shi, gobe in yi maka waƙa ɗari."

Mutumin da ya kayar da wakilin rediyo da magana ya miƙe tsam. Ya koma gindin kurna ya zauna.

Takardar ƙungiya tana nan a gafakar Baba Dogo, an naɗe ta da fata, ana fito da ita duk taro a nuna wa sababbin shiga yadda haɗin kai yake ƙwato haƙƙi. Kuma ta ƙwato ɗin, ba ƙarya. Tun daga ranar ba a sake cewa wata waƙar gargajiya ba, kowa da sunansa ake kiransa. Yatsu goma sha bakwai ne a jikinta, an dangwala su reras, babu ko ɗaya a ciki da dutse ya taɓa fasawa. Mazan da suka iya zama kwana arba'in da biyar don kada baƙo ya ɗauki abinsu bai tambaya ba, su ne suka taru suka ɗauki na matar da ta ciyar da su bayan an tambaye ta ta ce a'a, kuma har yau in ka tambaye su za su ce maka don jama'a aka yi.

La'asar ta yi, Ilu ya murɗa akwatinsa. Masu saurare sun aiko da takardu daga garuruwa da yawa, in ji mai gabatarwa, duk waƙa ɗaya suke so. Sunan ya tsallako katanga ya faɗo tsakar gida, ana tafi. Yanzu kowa a ƙasar Gumel yana iya kiran Safara'u da babbar murya, daga mai tallan fura har direban mota. Wadda ta haife ta ta ɗebi gero ta zuba a dutse, ta sunkuya, ta ci gaba da niƙa bakinta a rufe.